Tsatsar Tsohuwar Mota Yanke Ta Ake Yi, Ba Rufewa Ba

Duk wanda ya tashi a Arewacin Najeriya tsakanin shekarun 1970 da 1990 ya san ƙugin Fijo 504 tun kafin ta shawo kwana. Ita ce motar gwamna da babban sakatare, ita ce ta direban tasha mai lodin Kano zuwa Maiduguri, ita ce kuma a-kori-kurar da ke kai buhunan masara ranar kasuwa. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, sannan ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, kuma 504 ba ta daina fitowa daga can ba sai a tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da daina ƙera ta. A Nijar ma labarin bai bambanta ba, domin Turawa sun yi shekaru suna keto Sahara da ita ta Tamanrasset da Arlit, su sayar a Agadez ko su ƙarasa da ita kudu.

Yau waɗanda suka rage da yawansu suna fake ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidaje, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi. Akan sami ɗa ko jika ya yi kishin tayar da motar mahaifinsa, kuma wannan kishi abin yabo ne. Sai dai galibin masu wannan niyya suna fara tunani da inji, su ƙare da launin fenti, su bar abin da ke tsakani ga sa'a. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu. Bodi shi ne motar, shi ke ɗauke da lambarta da tarihinta, kuma idan ya mutu babu sauran abin da za a tayar. Abin da ke kashe bodi tsatsa ce, abin da ke ƙarasa shi kuma gyaran ganin ido ne: a cusa fila a rami, a goge, a fesa fenti, a miƙa wa mai mota makulli yana murna.

Wannan al'ada ya kamata a daina ta, musamman a kan motocin da ba za a sake ƙera irinsu ba.

Tsatsa ba datti ba ce da ke zama a kan ƙarfe. Ƙarfen ne da kansa yake rikiɗa idan ya haɗu da ruwa da iskar oksijin, ya koma jan gari marar ƙarfi. Garin nan ya fi ƙarfen da ya fito daga gare shi cin wuri nesa ba kusa ba, shi ya sa yake kumbura ya ɗaga fenti, ya buɗe bakin haɗin da aka yi wa walda. Yana kuma riƙe laima, don haka inda tsatsa ta fara nan take ciyar da kanta. Gishiri yana ƙara mata gudu ƙwarai. Ƙungiyar masana lalacewar ƙarfe ta NACE ta ƙiyasta a 2016 cewa wannan ɓarna na cin dala tiriliyan 2.5 a duniya kowace shekara, kusan kashi 3.4 cikin ɗari na arzikin da duniya ke samarwa. Fallen ƙarfen jikin mota kuwa kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba a yawancin wurare, don haka ba ya buƙatar shekaru masu yawa kafin ya huje.

Abin da mai mota ya fi kasa ganewa shi ne tsatsar mota daga ciki take fitowa. A duba ƙasan ƙofar tsohuwar 504, wajen da fenti ya yi 'yan ƙuraje guda uku ko huɗu. Ido zai ce abin bai kai girman ƙwayar gero ba. A sa bakin sukundireba a danna kaɗan, sai fentin ya fashe, jan gari ya zubo, sukundireban ya wuce ciki har mariƙinsa. Ruwan da ya bi ta robar gilashi ya daɗe yana taruwa a cikin ƙofar, domin ƙananan ramukan da kamfani ya huda a ƙasanta don ruwa ya fita sun toshe da ƙura. Ƙurjin da aka gani a waje ƙarshen aikin tsatsa ne, farkonsa yana can ciki, kuma faɗinsa kan ninka abin da ido ya gani.

Wuraren da take ɓuya sanannu ne ga duk mai gyaran bodi: dokin ƙofa, wato dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi daga taya zuwa taya, daɓen mota a ƙarƙashin kafet, bakin madigad, gindin batir inda ruwan batir ke ɗiga, kewayen gilashin gaba da na baya, da ƙasan but.

Arewa tana da wata babbar sa'a a nan wadda ba a cika lura da ita ba. A Turai da Arewacin Amurka ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuma yana cin motoci daga ƙasa. Shi ya sa a Amurka tsohuwar motar da ta yi rayuwarta a Arizona, inda ƙasa take a bushe, ta fi 'yar'uwarta ta Michigan daraja a kasuwa. A Legas iskar teku ce ke ɗauke da gishirin. Kano da Katsina da Damagaram ba su da wannan matsala, kuma watanni bakwai ko takwas na rani suna ba ƙarfe damar bushewa. Motar da ta zauna a nan tana iya kasancewa da bodin da masu tara tsofaffin motoci a Faransa za su yi sha'awarsa. Amma Arewa na da tata hanyar jawo tsatsa. Ƙurar hunturu tana cika kowane lungu, damina ta zo ta mayar da ita laka, lakar ta manne a cikin madigad tana riƙe ruwa har bayan an daina sama. Kafet yakan jiƙe a wurin wanki ba a ɗaga shi ya sha iska ba. A-kori-kura kuwa ta ɗauki takin zamani da buhunan gishiri da dabbobi, kuma taki da fitsarin dabba duk suna cin ƙarfe.

Su kansu kamfanonin ƙera motoci sun daɗe ba su ɗauki lamarin da muhimmanci ba. Sai a tsakiyar shekarun 1970 Porsche ya fara shafe bodin motarsa ta 911 da tutiya, sinadarin nan da ke hana kwanon rufi saurin tsatsa, Audi kuma ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980. Wanda ya yi sakaci ya ɗanɗana kuɗarsa. A 1980 jaridun Ingila suka fallasa yadda tsatsa ke cin mazaunin inji a motar Lancia Beta, kamfanin ya shiga sayen motocinsa daga hannun jama'a yana rugurguzawa, sunansa bai sake farfaɗowa a ƙasar ba har ya fice daga kasuwarta a shekarun 1990. Ma'anar wannan ga mai tsohuwar mota a nan ita ce, motar da aka ƙera a wancan zamani ba ta da wata kariya sai fenti da ɗan abin da aka shafa mata a ƙasa. Duk inda fenti ya tsage, ƙarfe tsirara yake.

A zo ga abin da ke faruwa a gareji. Mai mota ya kawo ta ranar Litinin, ya ce, “Malam, ina son ta fito kafin bikin Asabar, kuma ka tausaya min a kuɗi.” Mai gyara ya san aikin ƙwarai zai ci makonni, ya kuma san idan ya faɗi gaskiyar farashi Alhaji zai wuce rumfar gaba. Sai ya ce, “Ranka ya daɗe, kada ka damu, za ka same ta kamar sabuwa.” Ya sa guduma ya dankwafe bakin ramin zuwa ciki, ya tura guntun kwano ko ragar waya ko ma kwali a baya don ya tare, yaro ya kwaɓa fila ya lafta. Kafin la'asar ta bushe, an bi ta da sanfefa, layin bodi ya fito sumul. Ranar Juma'a mai fenti ya gama nasa, motar tana ɗaukar ido.

Irin wannan aiki gyambo ne aka rufe da sabon ƙyalle ba a wanke ba. Damina ɗaya ko biyu ta isa ƙurajen su dawo a daidai inda suke, wannan karon ramin ya ninka, kuma mai gyara na biyu sai ya fara da tono abin da na farko ya binne kafin ya ga ƙarfe.

Ba laifin fila ba ne. Kafin a ƙirƙiro ta, da narkakkiyar dalma ake cike lotsawar jikin mota, aiki mai wuya kuma mai guba. A 1955 aka fito da filar roba mai suna Bondo a Amurka, ta sauƙaƙa wa masu gyara rayuwa. An yi ta ne don ta daidaita 'yar lotsawar da ta rage bayan an gama aikin ƙarfe, a shafa ta siririya, milimita biyu ko uku, a kan lafiyayyen ƙarfe mai tsabta. Ba a yi ta don toshe rami ba. Tana shan laima, don haka idan bayanta a buɗe yake ruwa zai shige ta ya kwanta a tsakaninta da ƙarfe. Ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi, kuma idan ta yi kauri zafin rana da girgizar hanya suna tsaga ta.

Maganar nauyi ita ce ta mayar da wannan batu daga na ado zuwa na rai. Motoci irin 504 salun ba su da wani keɓaɓɓen shasi da aka ɗora bodi a kai; bodin ne da kansa yake ɗauke da inji da fasinja, yake kuma karɓar duka idan an yi karo. Dokin ƙofa da daɓe da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi su ne ƙashin motar. A jikinsu aka ɗaure shokozoba da kujeru da bel. Idan dokin ƙofa ya koma fila da kwali, mota za ta yi tafiya lafiya lau har ranar da wata ta buge ta a gefe, ranar kuma babu abin da zai tsaya tsakanin fasinja da bambar waccan. A Birtaniya, a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da suke kira MOT, tsatsar da ta raunana ƙarfe a cikin santimita 30 daga inda aka ɗaure birki ko sitiyari ko shokozoba ko bel tana kayar da mota, kuma facin da aka yi a irin wurin dole ne a zagaye shi da walda ba yankewa. Ba su yarda da fila a nan ba, ba su yarda da liƙin tagulla ba. Dokar ba ta aiki a Kaduna, amma ƙarfen Kaduna da na Landan hali ɗaya gare su.

Aikin gaskiya yana farawa da tuɓe mota. A cire kujeru da kafet da robobi, a sauke tankin mai, a cire kan batir, a kankare fenti a kewayen wurin har sai an ga iyakar cutar. Idan tsatsar ta sama ce, ƙarfe bai huje ba kuma bai yi siriri ba, gurzawa ta wadatar, sannan a bi ƙananan ramukan da sinadarin da ke ɗauke da asid na fosforik, wanda ke mayar da ragowar tsatsa baƙin ɓawo marar ci. Idan kuwa ta huda, babu sinadarin da zai dawo da ƙarfen da ya tafi. Sai yanka.

Kallon gwani yana wannan aiki abin sha'awa ne. Zai zana layi da alli ya wuce bakin tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu, ya yanke har sai bakin yankan ya nuna farin ƙarfe mai cikakken kauri ko'ina. Zai leƙa ta ramin ya duba ƙarfen ciki, domin sau da yawa shi ma ya kamu, kuma gyaran waje a bar na ciki aikin banza ne. Sai ya ɗora kwali a kan ramin ya fitar da siffarsa, ya kwafa a kan sabon falle mai kauri daidai da na motar, ya yanke da almakashin ƙarfe. Daga nan guduma ta fara magana. Yana bugawa a hankali a kan kututture ko ƙaramar maƙera ta hannu, yana gwadawa, yana komawa, har fallen ya ɗauki lanƙwasar madigad ɗin, ya zauna a ramin baki da baki, ba tare da wani ya hau kan wani ba. Dalilin ƙin ɗora wani kan wani shi ne tsakanin falle biyu ruwa ke samun maɓoya, nan kuma sabuwar tsatsa za ta fara.

Waldar ita ce wurin da ake gane mai haƙuri. Siririn ƙarfe ba ya jure zafi. Idan aka ja wuta a kansa a layi ɗaya zai murɗe ya yi tudu da kwari, sai an koma ga fila mai kauri don a ɓoye. Gwani ɗigo yake yi. Ya ɗiga ɗaya a sama, ya tsallaka ƙasa ya ɗiga, ya koma dama, ya dakata ya taɓa da bayan hannu ya ji ko ya huce. Kowane ɗigo idan ya huce yana janyo ƙarfen, don haka yakan sa maƙera a baya ya ɗan bubbuga shi ya saki. Haka zai yi ta zagayawa har ɗigon su haɗe su zama layi ɗaya. Sai ya gurje a hankali kada ya cinye kaurin, ya sa yaro ya haska tocila daga baya; duk inda haske ya ɓullo akwai ƙofar ruwa, sai a koma a toshe. Facin da bai fi tafin hannu ba yana iya cin yini guda.

Bayan walda akwai matakin da aka fi tsallakewa, domin mai mota ba zai taɓa ganinsa ba. Wutar walda tana ƙone duk wata kariya da ke bayan ƙarfen, ta bar shi a shirye ya yi tsatsa cikin 'yan kwanaki. Dole a shafe gaba da baya da fentin ƙasa mai hana ruwa, irin na ifoksi, a toshe bakin haɗi da danƙon da aka yi don haka, a fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa da cikin ƙofofi, sannan a tabbatar ramukan fitar ruwa a buɗe suke. Sai bayan duk wannan fila ke da hurumi, ita ma 'yar kaɗan.

Za a ce wannan aikin masu hali ne, talaka da ke neman abin cefane da tsohuwar motarsa ina ya ga kuɗin mako uku a gareji? Tambayar tana da nauyi. Amsarta ita ce a raba aikin, a kuma jera shi bisa hankali. Kuɗin da aka saba kashewa a fentin mota gaba ɗaya a fara kai shi ga daɓe da dokin ƙofa da mazaunin shokozoba. Mota tana iya yawo wata shida da tabon fentin ƙasa a jikinta ba abin da zai same ta, sai dai ba ta yi kyan gani ba. Wanda ya biya kuɗin fila da fenti sau uku cikin shekara biyar ya kashe abin da ya fi na walda sau ɗaya, ya kuma ƙare da motar da ba ta gyaruwa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Idan kuma lalle aikin wucin gadi ake so, to mai gyara ya faɗa da bakinsa, mai mota ya sani, kuma kada a sayar wa wani da sunan an gyara.

Za a kuma ce kayan aiki babu. Gaskiya ne injin waldar MIG, mai tura siririyar waya da iskar gas, ya fi sauƙin sarrafawa a kan fallen mota, kuma yana son tsayayyiyar wutar lantarki da ba kowane gareji ke da ita ba. Amma da waldar gas aka haɗa jikin manyan motocin Ingila da Italiya da ake ƙerawa da hannu tun kafin a san MIG, kuma ita ce a hannun masu gyaran bodi a nan. Wanda ya iya rage harshen wuta, ya yi amfani da siririyar sanda, ya bi da guduma tun ƙarfe na da zafi, zai fitar da haɗin da ba a gane shi. Hannu kuwa akwai shi. Duk wanda ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya ga abin da mutane ke fitarwa daga fallen ƙarfe da guduma kawai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai biyan kuɗin lokacin da aikin ke ci, da kuma maigidan da zai koya wa yaronsa cewa bayan ƙarfe ma ana shafa masa fenti.

Akwai kuskure na biyu, kishiyar na farko, wanda masu kuɗi suka fi faɗawa. Shi ne a cire duk abin da ya tsufa a jefar, a sa sabo, har motar ta rasa abin da ya sa ake sonta. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana lissafa abin hawa a cikin na tarihi idan ya kai shekara 30, tare da wasu sharuɗɗa, kuma duk 504 da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta cika sharaɗin shekarun. Yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fara aiki da ita a 2013 tana kira da a adana ainihin kayan mota gwargwadon iko, a kuma rubuta duk canjin da aka yi mata. A aikace, idan ƙasan ƙofa ne ya ruɓe, a yanke ƙasan a dasa sabo, a bar ƙofar da ma'aikatan Kakuri suka ɗaura.

Wani lokaci ma rashin taɓawa shi ne daidai. Wata Bugatti ta shekarun 1920 ta yi sama da shekara saba'in a ƙarƙashin tafkin Maggiore da ke iyakar Italiya da Suwizalan. Aka tsamo ta a 2009 rabinta ya narke, aka yi gwanjonta a Paris a farkon 2010 kan Yuro 260,500, wanda ya saya kuma ya baje ta a gidan tarihinsa a Kalifoniya yadda take, da tsatsarta. A gida Najeriya, baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas da ramukan harsashi a jikinta, kuma babu mai hankalin da zai ce a toshe su. Abin da irin waɗannan motoci ke buƙata shi ne inuwa da bushewa da kariyar da za ta tsayar da tsatsa inda take. Motar da za ta hau titi da mutane a ciki kuwa hukuncinta daban ne: duk ƙarfen da ke ɗaukar nauyi sai ya zama lafiyayye.

Inda za a samo ƙarfen dasawa shi ma abin tunani ne. A Ingila kamfanin British Motor Heritage ya adana injinan matse bodi na asali, kuma tun 1988 yake fitar da sabon bodin MGB sukutum, daga baya ya ƙara da na Mini. Mai 504 a Zariya ba shi da irin wannan gata a kusa, abin dogaronsa shi ne matacciyar 504 da ke bayan wani gareji. Waɗannan kuwa 'yan gwangwan suna saye bisa nauyi, a sare su da gatari, a loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Babu laifi a sana'arsu, amma ƙofa ko bonet ko madigad mai lafiya da aka narka ba za a sake samun irinsa ba. Dillalan kayan gyara da za su riƙa cire waɗannan sassa kafin a sare mota, su jingine su a inuwa ba a kan ƙasa ba, za su ci riba nan gaba, su kuma ceci motoci da yawa.

Lafiyar mai aikin ma tana cikin lissafi. Hayaƙin da ke tashi idan an yi walda a kan ƙarfe mai tutiya yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Fentin zamani mai haɗi biyu yana ɗauke da sinadarin da ke haddasa asma, kuma tsumman da yaro ke ɗaurewa a hanci ba ya tare shi. Fesa yashi don kankare tsatsa yana cika huhu da ƙurar da ba ta fita, abin da ya sa Birtaniya ta hana amfani da yashi a wannan aiki tun wajen 1950. Tankin mai da aka zazzage ya fi cikakke haɗari kusa da wuta, domin tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Maigidan da ke karɓar yara koyon sana'a amana ce a hannunsa, tabarau da abin rufe hanci na ƙwarai kuma ba su kai kuɗin galan ɗin fenti ba.

Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwa da yawa, kuma ita ce ta fi kusa da masu wannan sana'a. Tana iya sa wa mambobinta ƙa'ida cewa ba a toshe rami da fila a wurin da ke ɗaukar nauyi. Hukumar ITF mai hedikwata a Jos da hukumar NBTE da ke Kaduna, waɗanda aikinsu ya shafi koyar da sana'a, suna iya shirya gajeren horo kan waldar siririn ƙarfe da kariyar tsatsa, a kai shi har cikin gareji maimakon a jira masu gyara su zo aji. Jami'an duba lafiyar motoci kuma su riƙa durƙusawa suna leƙa ƙasan mota, kada binciken ya tsaya a takardu da fitilu.

Amma mai mota shi ne ya fi kowa iko a wannan lamari, domin abin da ya biya shi ake yi masa. Wanda zai sayi tsohuwar mota ya tafi da ƙaramin maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle ya bi dokin ƙofa da bakin madigad. Inda ya ƙi kamawa, fila ce mai kauri a wurin. Ya ɗaga kafet, ya buɗe but, ya haska tocila a ƙasa. Wanda kuma ya kai tasa gyara, ya roƙi mai aikin ya kira shi ya ga motar sau biyu kafin fenti: ranar da aka gama yanka, da ranar da aka gama walda. Ya ɗauki hoton kowane faci da wayarsa ya adana tare da takardun motar, ya yarda da lokacin da gwani ya ce aikin zai ci, ya kuma biya shi kuɗin ƙarfen da ya dasa ko da fenti zai jira sai baɗi.